Buɗaɗɗen Kayak ko Rufaffe: Yadda Ake Zaɓar Jirgin Doguwar Tafiya a Ruwan Sanyi

Masu karatu sun yi ta maimaita tambaya ɗaya: wanda ke son doguwar tafiya a teku ko babban tafki mai ruwan sanyi, wane kayak, wato ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, zai saya? Buɗaɗɗe, wanda ake zama a bisansa ƙafafu a waje, ko rufaffe, wanda ake zura ƙafafu cikin rami a rufe bakin ramin da siket, wato mayafin da ake sawa a ƙugu don tare ruwa? Yawancin masu tambayar sun riga sun ga jirgin da ya kwanta musu a rai, jira kawai suke a ce musu su biya kuɗi. A wurina jirgi ne abu na huɗu. Kafin a zo kansa akwai sanyin ruwan, akwai irin tafiyar, akwai suturar da za ka faɗa ruwa da ita. Kuma duk zaɓin yana rataye ne a kan tambaya guda: idan ka kife, ta yaya za ka koma kan jirginka, cikin minti nawa? Ga matakan bi da bi.

1. Auna sanyin ruwan

Zafin ruwa ake nema, na iska ba shi da amfani a nan. Ka nemi ƙaramin ma'aunin zafi ka tsoma, ko ka duba alƙaluman hukumar yanayi ta ƙasar da za ka yi tuƙi. A Amurka hukumar NOAA tana wallafa zafin ruwa daga na'urorinta da ke kan teku da manyan tafkuna. Watan da za ka fita shi za ka duba, matsakaicin shekara ba zai gaya maka komai ba.

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi irin nasa. Amma abin da ke fara kashe mutum ba daskarewa ba ce. Da zarar fata ta haɗu da ruwan da bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba, ƙirji yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son mai shi ba, sai haki ya biyo baya, zuciya ta hau bugu. Idan kanka na cikin ruwa a daidai wannan jan numfashin, ruwa ka shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da lambobi uku, 1-10-1: kamar minti 1 kafin numfashi ya daidaita, kamar minti 10 da hannaye ke iya aikin kirki, kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Lambar tsakiya ce ta shafi mai kayak. Duk abin da za ka yi don ceton kanka, hawa jirgi, hura iska, danna rediyon kiran agaji, da yatsu ake yinsa, kuma su ne ke fara mutuwa.

Hattara: ƙarshen hunturu shi ne lokacin da ya fi yaudara. Rana ta fito, iska ta yi daɗi, ruwa kuwa yana nan da sanyinsa na watannin baya. Tafkin Superior na Arewacin Amurka yakan kasance ƙasa da digiri 10 a watan Yuni, ruwan yammacin Sikotland kuma da wuya ya wuce digiri 15 ko a tsakiyar lokacin zafi. Akwai wani lissafi da ke yawo, wai a haɗa zafin iska da na ruwa, in jimla ta kai adadi kaza to ba a buƙatar rigar sanyi. Ka yi watsi da shi. Wanda ke cikin ruwa ba ruwansa da zafin iska.

2. Rubuta irin tafiyar da za ka yi

Ɗauki takarda ka amsa huɗu. Kilomita nawa a rana? Kwana nawa? Nisan da za ka yi da gaɓa ya kai nawa, kuma akwai wurin sauka ko duwatsu ne zalla? Kai kaɗai ne ko da abokan tafiya da suka iya ceto? Ka rubuta tafiyar da za ka yi cikin shekara mai zuwa, ta mafarki ta jira tukuna. Yawon sa'o'i uku a cikin mashigin da tsaunuka suka kare daban yake da ƙetare kilomita takwas zuwa tsibiri da kayan kwana biyar.

3. Sayi sutura kafin jirgi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Su zuba kuɗinsu duka a jirgi, su fita da rigar ruwan sama da wandon motsa jiki. Ka fara cire kuɗin sutura, abin da ya rage shi ne kuɗin jirgi.

Iri biyu ne. Akwai wetsut, rigar roba mai manne jiki wadda ke barin ɗan ruwa ya shiga, sai jiki ya ɗumama ruwan. Akwai diraisut, wadda ke rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa, da zoben roba mai laushi a wuya da wuyan hannu don kada ruwa ya shiga ko kaɗan. Shawarata ita ce: daga digiri 21 zuwa 15, wetsut mai kaurin milimita 3 ta isa yawon kusa da gaɓa. Daga 15 zuwa 10, diraisut, ko wetsut mai kaurin milimita 5 mai dogon hannu. Ƙasa da 10, diraisut kawai, haɗe da hular roba da safar hannu.

Diraisut ba ta da ɗumi nata na kanta, ruwa kawai take tarewa. Ɗumin yana zuwa ne daga abin da ka saka a ciki: ulu ko filis (yadi mai laushi mai riƙe ɗumi), ninki ɗaya ko biyu. Auduga kuwa ko singileti kada ka saka, domin tana shan gumi ta riƙe, ta koma sanyaya ka.

A nan bambancin jiragen biyu ke fara bayyana. A buɗaɗɗe, tun minti na farko kana jiƙe. Ruwa na ɗiga daga filafili kan cinya, igiyar ruwa na watsowa, mazauni na tara ruwa, iska kuma na kaɗa ƙafafu yini guda. Jiƙaƙƙiyar wetsut a cikin iska sanyaya mutum take yi, don haka dole ka ɗora mata riga da wando masu tare iska. Wannan wahala tana da amfani ɗaya: ba ta barin ka yaudari kanka, tun a gaɓa za ka san ko suturarka ta isa. Rufaffe kuwa yana kare rabin jikinka na ƙasa, kana zaune a bushe cikin ɗumi, shi ya sa masu shi da yawa ke saka rigar sama mai kyau su bar ƙafafu da wandon gida. Ranar da suka kife, wannan ɗumin ya ƙare cikin daƙiƙa ɗaya.

Kafin ka yarda da sutura, gwada ta. Saka komai, da rigar ceto, ka taka cikin ruwan da za ka yi tuƙi har wuya, wani na tsaye a gaɓa. Ka zauna minti 10. Sannan ka gwada buɗe zif, danna maɓallin rediyo, ɗaure igiya. In yatsu sun ƙi, safar hannunka ba ta isa ba.

Hattara: bayan saka diraisut, ka ɗan ja zoben wuya da yatsa ka tsuguna don iskar ciki ta fita, in ba haka ba za ta taru a ƙafafu idan ka faɗa ruwa. Ka duba kowane zif ya rufu har ƙarshe, musamman ƙaramin na fitsari, wanda aka fi mantawa. Man kare fata daga rana yana cinye zoben robar, ka wanke hannu kafin ka taɓa shi.

Maganar kuɗi: a kasuwannin Amurka diraisut mai kyau takan kama daga kusan dala 800 zuwa 1,500, wetsut daga dala 100 zuwa 250, rigar ceto ta masu kayak daga dala 100 zuwa 200. Wato diraisut kaɗai tana iya fin jirgi na hannu tsada. Haka abin yake, kada ka yi mamaki. Rigar ceton kuma a jiki take zama a ɗaure, ba a bayan kujera ba. Ba wanda ke iya saka ta a cikin ruwa yana haki.

4. Duba ginin jirgin

Rufaffen kayak na teku yakan kai tsawon mita 4.5 zuwa 5.5, faɗi santimita 52 zuwa 60. Abin da ya mai da shi jirgin teku shi ne bangayen ciki guda biyu, ɗaya gaban ƙafafu ɗaya bayan kujera, waɗanda suka raba cikinsa ɗaki uku. Idan ya kife, ramin zama ne kawai ke cika, ɗakunan gaba da baya suna riƙe da iska, jirgi ya tsaya a kwance bisa ruwa. Ka leƙa ka tabbata bangayen suna nan kuma liƙinsu bai saki ba. Ka duba igiya mara talewa da ta zagaye gefen jirgin sama, ita ake kamawa lokacin ceto. Igiyar roba mai talewa ta riƙe taswira ce kawai.

Hattara: akwai gajerun rufaffun kayak masu faɗin rami, na yawon ƙananan tafkuna, waɗanda ba su da bangon gaba, wasu ma ba su da ko ɗaya. Idan irin wannan ya sha ruwa, gefe ɗaya yakan nutse ɗayan ya miƙe sama, kuma kwashe ruwansa a tsakiyar teku abu ne mai matuƙar wuya. A ruwan sanyi wannan shi ne mafi haɗari cikin duk jiragen da muke magana a kansu. Buɗaɗɗe kowane iri ya fi shi.

Buɗaɗɗen kayak kuwa kwanso ne rufaffe mai iska a ciki, an yi masa gurbin zama a sama, da ramukan magudana da suka ratsa har ƙasa. Igiya ta watso, ruwa ya zurare da kansa. Ba famfo, ba siket. Na wasa a bakin gaɓa sukan kai mita 3 zuwa 3.7, faɗi santimita 75 ko fiye, kuma ba na tafiya ba ne. In buɗaɗɗe kake so don tafiya, nemi mai tsawon mita 4.3 zuwa sama, faɗinsa bai wuce santimita 71 ba.

Rauninsa ɓoyayye ne. Yawancinsu ba su da bango a ciki, kwanson fili ɗaya ne daga goshi zuwa wutsiya. In murfin ma'aji bai rufu ba, ko an manta toshiyar zubar da ruwa, ko bututun magudana ya tsage, ruwa zai yi ta taruwa inda ba ka gani. Alamar farko ita ce jirgi ya fara nauyi yana tangaɗi ba dalili. Magani: cusa jakunkunan iska a ciki gaba da baya, kuma kada ka taɓa buɗe murfin ma'aji a inda igiya ke tashi.

Akwai ɗan'uwansu na uku, safski, buɗaɗɗe ne siriri mai tsawon kusan mita 6, gudu gare shi ƙwarai. Na motsa jiki da tsere ne, wurin kayansa kaɗan ne, na ambace shi ne don kada a ɗauka duk buɗaɗɗe mai nawa ne.

5. Hau ka tuƙa kafin ka biya

Ka yi haya ko aro, ka tuƙa kowane iri aƙalla awa biyu, kuma ɗaya daga cikin ranakun ta kasance mai iska. Minti goma a ruwa kwance ƙarya yake faɗa. Faffaɗan buɗaɗɗe zai ba ka natsuwa nan take, siririn rufaffe kuma zai yi ta rawa har ka ji kamar za ka kife. Sai igiya ta zo daga gefe labari ya juya. Faffaɗan ƙasa yana bin fuskar igiya, ta karkata ya karkata, kai kuma ba abin da ya haɗa ka da shi sai nauyinka. Siririn kuwa igiya ke wucewa ta ƙarƙashinsa, kana riƙe da shi da gwiwa da ƙugu, kana karkata shi yadda kake so. Ana iya sa wa buɗaɗɗe maɗaurin cinya, yana taimakawa sosai, amma bai kai riƙon gwiwa a ƙarƙashin rufi ba.

A rufaffe, tafin ƙafa ya dafe matakansa, gwiwoyi su taɓa rufi ba tare da matsi ba, ƙugu kada ya yi ta zamewa. Gwada shiga da fita sanye da takalmin da za ka tuƙa da shi. A buɗaɗɗe, ka guji doguwar kujera irin ta masu kamun kifi. Tana ɗaga nauyinka sama, tana ba iska wurin turawa, kuma tana tare hanya ranar da kake son komawa daga ruwa.

Ka lura da gudu. Mai matsakaicin ƙarfi a rufaffen teku yakan riƙe kilomita 5 zuwa 6 a awa. A faffaɗan buɗaɗɗe abin yakan sauka zuwa 3 ko 4. A ranar lafiya bambancin na gajiya ne kawai. A ranar da iska ke tura ka baya da kilomita 3 a awa, ɗaya yana isa gida, ɗayan yana tuƙi a wuri ɗaya. Ka kuma gwada sikeg, wato ƙaramin faifan da ake saukewa a ƙarƙashin wutsiya, ko roda, faifan sitiyari da ake juyawa da ƙafa, ka ga yadda jirgi ke riƙe hanya idan iska na bugu daga gefe.

6. Koyi komawa kan jirgi daga cikin ruwa

Wannan matakin shi ke yanke hukunci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A buɗaɗɗe abin gajere ne. Da ka faɗa, kama jirgi kafin komai. Buɗaɗɗe mara kowa a kai iska na tafiya da shi fiye da yadda mai rigar ceto ke iya iyo. Ka jira numfashi ya lafa. In jirgin ya kife, miƙa hannu ta kan bayansa ka kama gefen can, ka ja ka koma da baya, zai birkito. Ka tsaya ta ɓangaren da iska ke fitowa, don ƙafafunka su ja baya maimakon su shige ƙarƙashin jirgi. Buga ƙafa har jikinka ya kwanta bisa ruwa, kama mariƙin gefen can, ka ja cikinka ya hau kan mazauni. Ka ɗan huta a haka. Sannan ka mirgina ka zauna a karkace ƙafafu na cikin ruwa, ka shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba yana gamawa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma yana hawa zai ci gaba da tuƙi domin babu ruwan kwashewa. Wannan ita ce babbar hujjar buɗaɗɗe, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Hattara: kuskuren da aka fi yi shi ne ƙoƙarin hawa a tsaye, ƙafafu na lilo ƙasa, sai jirgi ya kifo kan mutum. Aljihun rigar ceto da aka cusa wa kaya shi ma yakan maƙale a gefen jirgi. Mai nauyin jiki ko raunin kafaɗa ya gwada tun da wuri, domin ba kowa ke iyawa ba. Igiya mai madauki da za a taka da ƙafa tana taimakawa.

A rufaffe darasi huɗu ne, kuma a jere ake koyonsu.

Na farko, fita daga jirgin da ya kife. Kana kife kanka ƙasa, ka sunkuya gaba, ka bi bakin rami da hannu har ka kai madaukin siket, ka tura shi gaba sannan ka ja sama. Dafa gefen jirgi daidai ƙugu ka ture shi kamar mai tuɓe wando. Ka fito da filafili a hannu ɗaya, jirgi a ɗayan. Ka fara ba siket, sannan da siket, sannan ido a rufe, sannan da safar hannu.

Hattara: duk lokacin da ka ɗaura siket, ka kalli madaukin ka tabbata yana waje. In ya shige ciki, ka kulle kanka.

Na biyu, ceto da taimakon aboki, wanda shi ne mafi sauri kuma mafi tabbas. Abokin ya kama goshin jirginka, jiragen biyu su yi siffar harafin T. Ya jawo goshin kan nasa a kife, ruwa ya gangara ya bugi bangon bayan kujera ya zube. Ya birkito shi, ya jera shi gefen nasa, goshi na kallon wutsiya, ya kwanta a kai da dukan nauyinsa. Kai kuma ka hau bayan jirgi rub da ciki, ka zura ƙafafu cikin rami, ka juyo ka zauna. Ba zai saki ba sai ka ɗaura siket kuma filafili na hannunka. Duk tsawon aikin hannunka na kan igiyar ɗayan jiragen biyu.

Na uku, ceton kai da balan-balan ɗin filafili. Jaka ce da ake hurawa a sa a bakin filafili ɗaya, a ɗora ɗayan bakin a bayan ramin zama, ya zama madogara. Ka hau, ka shiga, ka kwashe ruwa da famfon hannu. A ruwa kwance yana aiki. Gaskiyar da masu sayarwa ba sa faɗa ita ce, igiyar da ta kifar da kai tana nan ba ta tafi ba, jirgi cike da ruwa ya fi rawa, famfo kuma hannu biyu yake ci. Hurawa, hawa da kwashewa suna iya cinye waɗannan mintuna goman da yatsu ke da su. Ka koye shi, amma kada ka gina tafiyar kaɗaici a kansa.

Na huɗu, mirginawa, wato dawo da jirgi daidai ba tare da ka fita ba, dabarar da mafarautan Inuit na Girinlan suka ƙware a kai. Ita ce amsa mafi kyau a ruwan sanyi, domin daƙiƙa kaɗan kake yi a ciki. Tana buƙatar malami da maimaici, kuma wadda aka iya a wurin wanka mai ɗumi takan gudu ranar da ruwan digiri 8 ya bugi fuska. Hular roba tana rage wannan.

Tsarin atisaye ɗaya ne ga jiragen biyu: ruwa mai ɗumi, sannan ruwan sanyi kusa da gaɓa da cikakkiyar sutura, sannan ƙananan igiyoyi tare da malami, sannan jirgi da lodi. Ka sa wani ya riƙe agogo. Ƙungiyoyin masu tuƙin kayak, ACA a Amurka da Paddle UK a Birtaniya, suna da kwasa-kwasan wannan.

7. Yanzu zaɓi

Koma kan takardarka ta mataki na biyu. In tafiyar kwanaki ce, da ƙetare buɗaɗɗen ruwa, a wurare irin gaɓar Norwe, Alaska ko yammacin Kanada, rufaffe mai bango biyu za ka saya, da sharaɗin za ka yi darussan nan huɗu kuma za ka riƙa maimaita su duk shekara. Ya fi gudu, ya fi jure iska, ya fi ɗaukar kaya, kuma yana kare ka daga sanyin da ke cin mutum a hankali cikin awa shida na tuƙi.

In ka san ranka ba za ka je kwas ba, ko kai kaɗai kake fita, kuma yawonka na yini ne kusa da gaɓa, to dogon buɗaɗɗe da diraisut ya fi maka. Rufaffe a hannun wanda bai iya komawa cikinsa ba ya fi buɗaɗɗe haɗari nesa ba kusa ba. Sai dai ka karɓi iyakarsa: gajeriyar tafiya, iska kaɗan, gaɓa a kusa.

8. Sauran kaya da sayen na hannu

Filafili: santimita 210 zuwa 220 ga rufaffe, 230 zuwa 240 ga faffaɗan buɗaɗɗe. Ka kashe kuɗi a kan mara nauyi, sau dubbai za ka ɗaga shi a yini. Na biyu mai rabuwa gida biyu ya zauna a saman jirgi. Mai rufaffe ya ƙara siket, famfo da balan-balan. Mai buɗaɗɗe ya ƙara igiyar da ke haɗa filafili da jirgi, amma ya kwance ta kafin shiga inda igiya ke karyewa a gaɓa, don kada ta naɗe shi. Kowa ya riƙe usur, igiyar ja, fitila da kamfas.

Jirgin roba ya fi araha kuma ya fi jure duwatsu, nauyinsa kilo 25 zuwa 30. Na faiba, wato zaren gilashi, ya fi rashin nauyi da gudu, farashinsa yakan ninka na roba. Na hannu yakan zo a rabin kuɗin sabo. In za ka saya, kifa shi ka duba ƙasansa ko ya lotsa, ka duba ko rana ta ƙona robar har ta koɗe. Zuba ruwa a ramin zama ka ga ko zai ratsa bango. Murafen roba su kasance da laushi, ba tsagewa. A buɗaɗɗe, haska tocila cikin bututun magudana, nan ne ake samun tsaga, musamman in an saba jan jirgin da keken da ake sokawa a ramukan.

9. Loda kaya

Kada ka yarda da adadin nauyin da kamfani ya rubuta har ƙarshensa. Kai da kayanka ku tsaya wajen kashi biyu bisa uku. A buɗaɗɗe, in ka ga ruwa na tasowa ta magudana ya zauna, lodi ya yi yawa. Masu nauyi, ruwan sha da abinci, su zauna ƙasa kuma kusa da kujera. Masu sauƙi, jakar barci da tufafi, su tafi can ƙarshen goshi da wutsiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mutum kuma yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a rana, ka ga nauyin da kwana biyar za su tara. Ƙananan jakunkunan da ruwa ba ya ratsawa, na lita 5 zuwa 10, sun fi babba ɗaya shiga ta bakin ma'aji.

Hattara: tulin kaya a saman jirgi yana kama iska, yana ƙara tangaɗi, kuma yana toshe wurin da za ka hau lokacin ceto. Wannan ya fi damun masu buɗaɗɗe, domin gurbin baya yana kiran a cika shi. Busassun tufafi cikakku da abin sha mai zafi su kasance inda hannu zai kai da zarar an sauka.

10. Ranar fita

Duba hasashen iska da jadawalin cikar teku da janyewarsa. Sabon shiga ya tsaya a mataki na 3 na ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, wato kilomita 12 zuwa 19 a awa. A mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, fararen kawunan igiya sun fara yawa. Iskar da ke tasowa daga tudu zuwa teku ita ce mugu: bakin gaɓa lumui, kana nisa tana ƙaruwa, kuma faffaɗan buɗaɗɗe ta fi ɗauka. Inda iska ke karo da gudun ruwa, igiya takan yi tsayi ta matsu, ka kauce wa wannan sa'ar. Ka fara tafiya kana fuskantar iska, don ta rako ka a dawowa.

Bar wa wani a tudu bayanin inda za ka, launin jirginka, lokacin dawowa, da lambar da zai kira in ka wuce lokaci. Oba-oban VHF mai jure ruwa ya zauna a jikin rigar ceto, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji. A Birtaniya sai da lasisi da takardar shaidar koyo ake amfani da shi, a Amurka mai yawon shaƙatawa a ruwan ƙasar ba ya buƙata. Don wurare masu nisa ka ƙara na'urar PLB, wadda ke aika kira ta tauraron ɗan'adam a kan mita 406 MHz, kuma ka yi mata rajista da sunanka. Waya a jaka mai hana ruwa ƙari ce kawai, jiƙaƙƙen yatsa mai sanyi ba ya sarrafa gilashinta.

In wani ya daɗe a ruwa aka fito da shi yana karkarwa, a kai shi inda ba iska, a cire jiƙaƙƙun kaya a hankali, a lulluɓe shi har kai, a raba shi da ƙasa mai sanyi. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ba shi giya. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. In karkarwa ta tsaya alhali jikinsa na da sanyi, ko magana ta fara harɗewa, a kwantar da shi, a daina motsa shi da ƙarfi, a kira agaji a tasha ta 16 nan take.